Yadda Za Ka Yi Tafiya Ka Dawo Ba Ka Kwaso Kuɗin Cizo Ba

Kuɗin cizo ba shi da fiffike, ba ya tsalle irin na ƙuma, kuma iyakar tafiyarsa da ƙafa ita ce daga wannan ɗaki zuwa na kusa da shi. To yaya aka yi kuɗin cizon da ya kwana jiya a Legas ko Abuja ya wayi gari yau a Tudun Wadan Zariya? A jakarmu yake zuwa. Ya shiga ɗinkin akwati, ya laɓe a naɗin bargo ko cikin kayan da aka cire ba a wanke ba, mu kuma mu kai shi har ƙuryar ɗaki da hannunmu.

Zariya gari ne na shige da fice. Duk farkon zangon karatu ɗalibai na sauka Samaru da Kongo daga kowace jiha, kowa da katifarsa a naɗe. 'Yan kasuwar Sabon Gari suna kan hanyar Kano da Onica da Legas. Ga masu zuwa jinya, ga baƙin hawan Sallah, ga 'yan biki, ga alhazai da masu Umara. Wanda ya tsaya rabin awa a tashar motar Kwangila zai ga yawan jakunkunan da ke sauya hannu. Ko wacce daga cikinsu ta kwana a wani wuri jiya.

Tun farko a cire kunya daga wannan magana, domin ita ce ke sa mutane su yi shiru har abin ya ci gida. Kuɗin cizo ba ruwansa da ƙazanta ko tsafta. Jini yake nema, kuma jinin mai kuɗi da na talaka duk ɗaya ne a wurinsa. A 2023 birnin Paris ya rikice da maganarsa ana shirin wasannin Olamfik na 2024, kuma hukumar kula da lafiya ta Faransa ta ce fiye da gida 1 cikin 10 a ƙasar ya yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022. Saboda haka tsadar otal ko ƙyallin tayil ɗinsa ba hujja ba ce. Dubawa da ido ita ce hujja.

Ka san abin da kake nema

Babban kuɗin cizo tsawonsa milimita 5 zuwa 7 ne, jikinsa a baje, launinsa ja-ja mai duhu. In ya sha jini sai ya kumbura ya ƙara tsawo. 'Ya'yansa farare ne ko ruwan ƙwai-ƙwai, ƙanana ƙwarai, sai sun sha jini ake ganinsu sosai. Ƙwansa fari ne, tsawonsa milimita 1, a manne yake da ƙyalle ko katako, ba ya faɗuwa don an kakkaɓe. Mace ɗaya tana yin ƙwai 1 zuwa 5 a rana, ta tara ɗaruruwa a rayuwarta. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, ɗan kuma ya yi saɓa sau 5 kafin ya girma, kowace saɓa sai ya sha jini tukuna. A yanayin zafi irin namu duk wannan ba ya wuce mako 5 zuwa 6. Lissafin ke nan da ya sa mace ɗaya mai ɗauke da ƙwai ta isa ta hana gida barci kafin wata 3.

Da rana ba kasafai za ka gan shi yana yawo ba. Yana ɓuya a tsaga, ya fito cikin dare, numfashin mai barci da ɗumin jikinsa su ja shi. Minti 3 zuwa 10 ya isa ya ƙoshi ya koma maɓoyarsa. Yana kuma iya yin watanni bai ci komai ba, shi ya sa ɗakin da aka ce “ai an daɗe ba a kwana ciki ba” bai kuɓuta ba.

Tunda shi ɓuya yake yi, sawunsa ake bi. Sawun farko shi ne kashinsa, ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe a tare wuri ɗaya, kamar an ɗiɗɗiga tawadar biro a kan ƙyalle. In ka shafa da jiƙaƙƙen tsumma za ka ga ya baje ya zama ja-ja, domin jini ne da ya narkar. Sai ɗigon jini a zanin gado, inda mai barci ya juya ya danne wanda ya ƙoshi. Sai saɓar da ya bari, fanko mai siffarsa, ruwan ƙasa-ƙasa. Idan sun yi yawa ɗakin kan yi wani irin ƙarni mai ɗan zaƙi-zaƙi da wanda ya taɓa murtsuke shi da yatsa ba ya mantawa.

Shiri tun daga gida

Shirin ba ya cin kuɗi. Ka sayi manyan ledoji masu kauri guda 3 ko 4, irin waɗanda za a iya ƙulle bakinsu. Ɗaya ta kayan da ba a sa ba, ɗaya ta kayan da aka cire, ɗaya kuma babba wadda jakar gaba ɗaya za ta shige ciki. Ka tabbata fitilar wayarka na aiki, ka kuma riƙe wani tsohon katin roba, na banki da ya daina aiki ko makamancinsa, don zurawa cikin tsaga.

In da zaɓi, akwatin roba mai tauri ya fi na ƙyalle, domin ba shi da ɗinki da aljihunan da za a laɓe. Jakar bakko mai zif, wadda muka fi tafiya da ita, tana da saƙa da naɗin baki masu yawa, amma tana da amfani ɗaya: tana da araha, ana iya tsoma ta cikin tafasasshen ruwa, in ta lalace ba a yi asara ba. Sannan a rage kaya. Mai tafiyar kwana 2 da ya ɗauki kayan mako guda ya ƙara wa kansa wankin da zai yi in ya dawo.

Kafin ka ajiye jaka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi sakaci. Mutum ya sha hanya, an buɗe masa ɗaki, abu na farko da hannunsa ke yi shi ne ya jefa jaka kan gado ya faɗa gefenta. Wannan ɗabi'ar ce ta fi komai kawo kuɗin cizo gidajenmu.

Da shigarka, ka ajiye jakar nesa da gado. In banɗakin a bushe yake, ka sa ta can a kan tayil. Yawancin masaukanmu banɗakinsu a jiƙe yake, to ka ɗora ta kan kujerar roba ko teburin ƙarfe, ka ja shi tsakiyar ɗaki kada ya jingina da bango. Kada ka sa ta kan kafet, ko kujerar kushin, ko cikin durowar katako. In kana tare da iyali, su ɗan dakata a bakin ƙofa da kayan.

Yanzu ka kunna fitilar waya, ko da kuwa akwai wuta a ɗakin. Ka fara da gefen da ake sa kai. Ka yaye zanin gado daga kusurwa, ka bi ɗinkin bakin katifa da yatsa kana buɗa shi, sama da ƙasa. Ka duba ƙarƙashin takardar kamfani da ake ɗinkawa a jikin katifa, wurin ɓuya ne da suke so. Ka ɗaga katifar ka haska katakan da take kai, musamman inda katako ya haɗu da katako da ramukan ƙusa. Katifar soso da rigarta ta yage, ka leƙa cikin yagewar. Ka cire rigar matashin kai ka duba ɗinkinsa.

Sai allon kan gado. A otal ana sauya zanin gado kullum, ana kakkaɓe katifa, amma allon nan da ke manne da bango yakan yi shekara ba a taɓa shi ba, shi ya sa ya fi ko'ina tara su. Ka haska bayansa, ka zura katin nan tsakaninsa da bango ka ja, ka ga abin da zai fito. In allon mai kushin ne da maɓallai, ka buɗa kowane lotsawa.

Daga nan ka faɗaɗa kaɗan: durowar gefen gado, ciki da ƙasanta, naɗin labulen da ke kusa, gefen soket, inda fenti ya ɗaye ko bango ya tsage, ɗinkin kujerar kushin. Yawancinsu ba sa nesa da inda mutum ke kwana, mita 2 ko ɗan fiye, don haka ba sai ka kwance ɗakin duka ba. In akwai gidan sauro a rataye, ka duba kusurwoyinsa na sama da inda aka ƙulla igiya. Duk wannan minti 5 ne zuwa 10 ga wanda ya saba.

Wani zai ce, in kwana ka yi in ba a cije ka ba ai shi ke nan. A'a. Mutane da yawa jikinsu ba ya nuna komai ko an cije su, wasu kuma sai bayan kwanaki ƙurajen ke fitowa, wani lokaci har kwana 14. Miji da mata kan kwana gado ɗaya, ita ta tashi da ƙuraje a jere a hannu da wuya, shi ko ɗaya babu. Jikinka ba ma'auni ba ne.

In ka ga alama

A otal, ka ɗauki hoton abin da ka gani, in ka kama ɗaya ka sa shi a leda. Ka je wurin mai karɓar baƙi ka yi magana a hankali, ba a gaban mutane ba: “Malam, don Allah zo ka ga wani abu a ɗakin nan. Ina so a sauya mini.” Faɗa ba ya kawo komai, kuma sau da yawa su ma wani baƙo ne ya bar musu. Ka nemi ɗakin da ba ya manne da wancan, ba na gefe ba, ba na sama ko na ƙasansa ba, domin suna bin tsagar bango da hanyar wayar lantarki. Sabon ɗakin ma ka duba shi daga farko. In ka sake gani, ka karɓi kuɗinka ka nemi wani wuri. In aka ce maka “bari a fesa magani yanzu ka shiga”, kada ka yarda. Feshin minti 10 ba ya taɓa ƙwai, kai ne kawai za ka kwana kana shaƙar guba.

Gidan 'yan'uwa ya fi wuya, kuma mu a can muka fi sauka. Ba za ka shiga ɗakin da goggonka ta share ta shimfiɗa maka sabon zani ka hau ɗaga katifa a gabanta ba. Ka bari sai ka kaɗaita ka duba. In ka gani, ka sa jakarka cikin babbar ledar nan ka ƙulle, ka rataye ta a ƙusa ko ka ɗora kan abin roba, ka kwana da kaya masu dogon hannu, da safe ka cire su kai tsaye cikin leda. Amma kada ka tafi ba ka faɗa ba. Ka sami wanda kuka fi shaƙuwa a gidan ka ce, “Yaya, na ga kuɗin cizo a bayan gadon can, da alama wani baƙo ya zo da shi. A duba tun bai yaɗu ba.” Shirun da ake yi don kara shi ke barin yaran gidan suna kwana suna susa.

Kwanakin zama

Ko ɗakin ya fita tsaf, ka ci gaba da kiyayewa. Kayanka su zauna cikin jaka, zif a rufe. In dole ka rataye riga, ka rataye ta a ƙarfe, kada ta taɓa bango. Kayan da ka cire kada su kwana a ƙasa ko a kan kujera. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 2017 ya nuna kuɗin cizo ya fi taruwa a jakar da ke da kayan da aka sa fiye da mai wankakkun kaya, saboda warin jikin mutum da ke jikinsu. Wannan shi ne amfanin ledar dauɗa: ka cire, ka sa, ka ƙulle. Sallaya ma in ka idar ka naɗe ta ka sa a leda, kada a bar ta shimfiɗe a gindin gado har safe. Takalmi ya kwana a bakin ƙofa.

A mota ko jirgin ƙasa, haɗarin bai kai na wurin kwana ba, amma yana nan, musamman a doguwar tafiyar dare cikin mota mai kujerun ƙyalle, da kuma but inda ake danna jaka kan jaka da katifu. Sanya jakarka cikin babbar leda kafin a loda ta ya wadatar.

Ɗalibai su ne suka fi ba ni tausayi a wannan lamari, domin ba su ke zaɓar ɗaki ba. Ranar da aka ba ka gado, kafin ka shimfiɗa katifa, ka duba mahaɗar ƙarfen gadon da ramukan bututunsa da tsagar bangon da ke kusa. Ka zuba tafasasshen ruwa a mahaɗan in gadon ƙarfe ne, ka bari ya bushe. Ka ja gadon ya bar bango ko da faɗin tafin hannu. Kada ka gaji katifar wanda ya gama ya tafi, komai kyanta, kuma kada ka ɗauki wadda aka yar a baranda. In da hali, a kai katifa wurin tela ya ɗinka mata riga ta leda mai kauri wadda ta rufe ta ruf. Sannan ɗaki ɗaya ba a maganinsa da mutum ɗaya. In ya ɓulla, duk 'yan ɗakin su yi wanki da gyara rana guda, a kuma sanar da masu kula da ɗakunan kwana. Iyaye kuma, ranar da yaro ya dawo hutu daga makarantar kwana, akwatinsa da katifarsa su tsaya a tsakar gida tukuna.

Mai jinya da ke kwana a tabarma, gara ya riƙe tabarmar roba da ake iya wankewa da ruwan zafi, ya bar bargon gida mai kauri. Alhazai da masu Umara, ɗakin mutum huɗu ko biyar ne, jakunkuna a jere makonni. Kowa ya rufe tasa, tsaraba kuma a bar ta cikin ledarta har a iso gida.

Ranar dawowa

Ko da ba ka ga komai a tafiyar ba, ka ɗauka cewa jakarka na iya ɗauke da wani abu. Kada ta shiga ɗaki. Na san yadda ake yi: yara su tarye ka da oyoyo, su karɓi jaka su ruga da ita kan gado don neman tsaraba. Ka ba su tsarabar a waje. Jakar ta tsaya a tsakar gida kan siminti, ko a baranda, inda akwai haske.

Zafi ne maganin da kuɗin cizo bai iya jurewa ba. Daga digiri 50 zuwa sama yana mutuwa, shi da 'ya'yansa da ƙwansa, muddin zafin ya kai inda suke. Don a tabbata, ana wanki da ruwa mai digiri 60. Mai injin wanki ya sa shi a kan 60, in yana da injin busarwa ya ba shi minti 30 a kan zafi mafi ƙarfi. Mu da muke wanki da hannu, ga yadda za a yi: a tafasa ruwa a babbar tukunya, a zuba kashi 2 na tafasasshe da kashi 1 na ruwan famfo a baho, a juye kayan daga leda kai tsaye cikin ruwan, a danna su da sanda har su nutse, a rufe, a bari minti 30. Kada a cika bahon da kaya har ruwan ya huce nan da nan. Bayan haka a wanke yadda aka saba. A kula da yara a kusa da bahon. Duk kayan da suka yi tafiya za a yi wa haka, har waɗanda ba a sa ba, har da na jikinka. Ledar da ta ɗauko su a ƙulle ta a kai bola, kada a mayar da ita kicin.

Shadda da leshi da duk abin da ruwan zafi zai ɓata, guga ce maganinsu. Dutsen guga, na wuta ko na gawayi, zafinsa ya wuce abin da ake buƙata nesa ba kusa ba. A goge ciki da waje, a daɗe a kan ɗinki da aljihu da wuyan riga da bakin zani. In wurin mai wanki da guga za ka kai, ka kai su a ƙulle cikin leda, ka gaya masa gaskiya: “Malam, daga tafiya na dawo da su, a ware su, a fara da ruwan zafi ko guga.” In ka ɓoye masa, shagonsa ka zuba wa, daga nan kuma kayan unguwa duka.

Sai ita jakar. Ka zazzage ta sarai, ka juya aljihunanta, ka bi zif da ɗinki da gindin tayoyi da tsohon buroshi mai tauri, domin ƙwan a manne yake. Jakar ƙyalle ko bakko a tsoma ta a ruwan zafi. Akwati mai tauri a goge shi da ruwan zafi da sabulu. Bayan ta bushe a sa ta cikin babbar leda a ƙulle, a ajiye a sito. Ƙarƙashin gado da saman durowar ɗakin kwana, inda muka saba ajiye akwati, su ne wuraren da bai kamata ba.

Maganar rana tana buƙatar bayani, domin mun dogara da ita fiye da kima. Shanya katifa a tsakar gida yana korar wasu, amma sauran sai su koma gefen da ke ƙasa inda ya fi sanyi, ƙwan da ke cikin ɗinki kuma ba abin da ya same shi. Rana na aiki ne in an tsare zafinta: takalmi, hula, littattafai da ƙaramar jaka a sa su cikin baƙar leda, kaɗan-kaɗan ba a cusa ba, a ƙulle, a shimfiɗa a kan siminti ko kwano tun hantsi har la'asar, a juya da azahar, a maimaita kwana 2 ko 3. A bazara, watan Maris zuwa Mayu, wannan na iya kai zafin da ake so. Mota da aka rufe gilasanta a rana ita ma haka, bayan an cire waya, abin cajin waya, turare da duk gwangwanin feshi. A hunturu da damina kuwa kada ka dogara da rana ko kaɗan. Firiza tana kashe shi, amma sai a digiri 18 ƙasa da sifili har kwana 4 ba yankewa, kuma wutar da muke samu ba kasafai take ba da wannan ba.

Kayan gwanjo da aka sayo a hanya, bargo, labule, rigar sanyi, su ma su bi ta ruwan zafi kafin su shiga ɗaki.

Makonni 6 na sa ido

Bayan dawowa, duk ranar da ake sauya zanin gado a yi wa gadon irin dubawar da aka yi a masauki, har mako 6. Farin zanin gado ya fi nuna ɗigo. Ana iya sa ƙafafun gado cikin ƙananan robobi masu santsi a barbaɗa hoda a ciki, a duba da safe. Wannan don gano shi ne kawai, domin irin da ya fi yawa a ƙasashe masu zafi ya fi ɗan'uwansa na Turai iya hawa abu mai santsi.

In ka ga ɗaya ko biyu, kada ka kwashe shimfiɗa ka koma falo. Zai bi ka, ɗaki ɗaya ya zama biyu. Ka kwance gadon, ka zuba tafasasshen ruwa a mahaɗansa, ka goge ɗinkin katifa da dutsen guga ta kan wani ƙyalle, ka wanke duk shimfiɗa da labule da ruwan zafi, ka toshe tsagar bango da siminti ko filasta. Ka maimaita bayan kwana 10, saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe. Gidan sauro a tsoma shi a ruwan zafi in ya kama dole, ko a sauya sabo, amma kada a daina kwana cikinsa. Ba a san kuɗin cizo da yaɗa wata cuta ba, sauro kuwa zazzaɓinsa kisa yake yi.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Wanda kuɗin cizo ya hana barci mako guda yakan kai inda zai zuba komai a ɗakinsa, daga nan ake gudun gara a faɗa gidan zago. Fiya-fiya da Sniper guba ce ta gona, ba ta ɗakin kwana ba, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper barkatai saboda rayukan da ta ci. Ƙwayar nan da ake sawa cikin buhunan wake da masara ta fi su haɗari: tana fitar da iska mai guba da ke ratsa tsaga ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma ta kashe mutane cikin barci a ƙasashe da dama. Kada ta shiga gidan da ake kwana, ko da za a kulle ɗakin a fita. Kananzir da fetur a jikin katifa kuwa gobara ce ake gayyata. Maganin feshin sauro na gwangwani shi ma ba ya gamawa da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu maganin ƙwari na DDT ya kusa shafe kuɗin cizo a ƙasashen Turai da Amurka, amma daga ƙarshen shekarun 1990 ya dawo, kuma na yanzu ya saba da yawancin magungunan da ake fesawa a gida. Feshin kan kashe kaɗan, ya tarwatsa sauran su bazu.

In abin ya wuce gado ɗaya, ka nemi masu aikin feshi da ke da rajista, ko ka tambayi ma'aikatan duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukumarka su nuna maka. Ka tambayi mai feshin sunan maganin, ka ga kwalbar da idonka, ka ji awa nawa za a yi kafin a koma ɗakin, a fitar da abinci da kwanuka da kayan jarirai. Wanda ya san aikinsa zai ce maka zai dawo bayan mako 2, wanda ya ce sau ɗaya ya gama ka yi shakkarsa. A gidan haya a haɗa kai da maƙwabta da mai gida a yi lokaci ɗaya. Katifar da ta lalace har za a yar, a yayyanka ta da wuƙa tukuna don kada wani ya ɗauka ya kai gidansa.

Shi cizon kansa, a wanke da sabulu da ruwa, a shafa maganin ƙaiƙayi na kalamin, a yanke wa yara farce don susa ce ke mai da shi gyambo. In ƙaiƙayin ya hana barci, mai kemis zai ba da maganin ƙaiƙayi na sha. In wurin ya kumbura ya fara ruwa, ko numfashi ya yi wuya, ko jariri ne aka ciccije da yawa, a tafi asibiti. In kuma zazzaɓi ya biyo bayan tafiya, kada a ɗora wa kuɗin cizo, a je a yi gwajin maleriya a ranar.